San Huɗa a Tsohuwar Rijiya

A gidan rediyon da nake aiki a Dutse na taɓa ɓata rabin yini ina neman yadda za mu faɗi “kiren”, injin nan na ɗaga kaya masu nauyi, a labarai. Ƙamus ya ce Turawa sun aro sunan ne daga wani tsuntsu mai dogon wuya, dangin gauraka. Muka tsaya a kan “motar ƙugiya”. Iyakar abin da na sani game da ita ke nan.

Wata shekara, ana gab da fara huɗa, yayana ya kira ni da hantsi daga ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya rufta tsohuwar rijiyar bayan gari. Yana da rai, amma maza goma sun ja igiya sun kasa.

“Ga mahauci nan da wuƙarsa,” in ji shi. “Ya ce a zura shi ya yanka tun da sauran numfashi. Ko naman ma mu tsira da shi.”

“Yaya, a dakata. Zan zo da kiren a fito da shi da ransa.”

“Tana hannunka?”

“Kamar tana hannuna.”

Ba ta hannuna. Ta farko na same ta a wani wurin gini a Yalwawa, direbanta ya yi tafiya. Ta biyu ba ta da taya. Sai bayan azahar na sami ta uku. Sau huɗu Yaya yana kira, sau huɗu ina cewa ga mu nan tafe.

Mun isa bayan la’asar. Mutane na zaune nesa da rijiyar, ba mai leƙawa. Mahaucin ya riga ya tafi. San ya mutu ba yanka, ya zama mushe.

Duk da haka sai an fitar da shi. Aka zura sarƙa, motar ta ɗago shi cikin lokacin da bai kai na karanta kanun labarai ba, wuyansa yana reto.

Yaya bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni ya ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗan boko. Ka ci abinci kuwa?”

Sa ɗaya ba ya jan garma. A daminar shekarar da hannu ya yi huɗa, shi kaɗai, kuma rabin gonar bai ga iri ba.