'Yan Mutanen Yumɓun Safiyanu

Safiyanu, Allah ya jiƙansa, maginin rumbu ne a Malikanchi. Hannunsa ya fi bakinsa magana, sai ya yini yana cuɗa yumɓu bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya so ya ɓata masa suna.

Da 'yarsa Wasila ta shiga sakandare a Ikara, malaminsu ya ce kowa ya ƙera wani tsohon labari yadda ido zai gani. Ita aka ba ta na baƙon da ya kashe macijin rijiyar Daura. Uban ya karɓi ginin, amma kunya yake ji a ce dattijo na wasan ƙasa, sai ya koma bayan ɗaki, bai gaya wa kowa ba.

Aka gan shi yana saran ƙasar suri. Aka gan shi ya tsinci saɓar maciji ya cusa a aljihu. Ga shi suna takun-saƙa da maƙwabcinsa Ya'u kan iyakar gona, sai kuma ƙafar Ya'u ta kumbura. Zulai matar Ya'u ta leƙa ta danga, ta hango 'yan mutanen yumɓu a shanye, wani da allura a jikinsa, wani ƙafarsa a karye. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Masu son rumbu suka janye, a masallaci ma aka fara bar masa fili a sahu.

Ya'u ya ɗingiso har ƙofar gidan tare da mai unguwa.

"Malam Safiyanu, fito da abin da ka haɗa mini!"

Safiyanu ya fito da katakon da ya jera su a kai: ga ganuwa, ga rijiya da gugarta, ga maciji sanye da saɓa, ga jarumi riƙe da allura, takobinsa ke nan.

"Baba Ya'u, aikin makaranta ne," in ji Wasila.

Ya'u ya ƙura wa mai karyayyar ƙafa ido. "To me ya sa kunnuwan wannan irin nawa?"

"Kai nake gani kullum, maƙwabci. Ƙafar kuwa akuyarka ce ta taka."

Mai unguwa ya tuntsire da dariya. Ya'u dai ya ƙi tafiya, sai da Safiyanu ya jiƙa yumɓu ya ɗora ƙafar ɗan mutumin yumɓun a gabansa.

Ƙaya aka ciro wa Ya'u a ƙafa a asibiti, amma har yau cewa yake ɗorin nan ne ya warkar da shi. Bara da aka ɗauki makarar Safiyanu, Ya'u ne a gaba, hawaye har gemu, ya hana kowa ya karɓe shi har kushewa.