Awon Inna

Ni ce 'yar fari, shi ya sa tun tasowata Inna ba ta kallona ido cikin ido, balle ta yarda in taɓa jikinta. Kunya ce irin ta mutanen da, ni ma ban taɓa jin haushi ba sai a bazarar da aka cire mata nonon hagu a wani asibiti a Kano.

Da aka sallamo ta, zafi ya kai inda ya kai. Ruwan kanal ɗin noman rani ma kamar an ɗora a murhu. Duk rigar atamfar da ta sa sai ta goge ɗinkin, wurin ya yi ja, ya fara tsatstsafo da ruwa. Ta koma ɗaura zani a ƙirji, ta daina fitowa ko tsakar gida. Matar da ke turara shinkafa buhu biyu kafin azahar, ga ta a kwance tana kallon rufin ɗaki. Tsoro ya kama ni sosai.

A lokacin ina koyon saƙa a cibiyar mata ta Kura. Malamarmu tana da wata takarda mai hoton Baturiya sanye da 'yar rigar shan iska ta zaren auduga, mai laushi, ba ɗinki ko ɗaya a gefe. Na roƙa ta ara min. Takardar ta ce a fara da auna ƙirji. To, wa zai auna Inna? Ni dai ko giyar wake na sha ba zan tunkare ta da tef ba.

Sai na yi dabara. Na zaro tsohuwar rigarta daga akwati, na shimfiɗa, na auna. Kwana tara ina saƙa, ko gonar tumatir ban leƙa ba. Na ba ƙanwata ta kai mata. Rigar ta zauna a dama, hagu kuwa ta yi sako-sako, bakin hammatar ya faɗa daidai kan ciwon. Ashe matar da na auna ba ita ce a ɗakin ba. Na warware, na rage maɗaukin zare goma a hagu bisa kintace. Wannan karon ta matse. Na zauna bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah.

Ranar da na ga ƙuda na bin zaninta, na ajiye kunya. Na shiga na durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri, sai na gwada ki."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Ba da wannan igiyar ta teloli ba."

Da hannu na auna ta, taƙi-taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ina ƙirgawa a zuci. Haƙarƙarinta duk a waje. Na sauke hammatar ƙasa da ciwon, na bar dama yadda take, na cike hagu da saƙa ninki biyu.

Rigar ta zauna mata cif. Har ta fito ta zauna gindin darbejiya tana yi wa masu shanyar shinkafa faɗa. Na ce shi ke nan, mun tsira.

Bayan sati biyu rigar ta fara zamewa daga kafaɗa. Na karɓa na rage. Kwana goma, na sake ragewa. Zaren ya yi ta lanƙwashewa don yawan warwara, ni kuma na ƙi yarda da abin da yatsuna ke ƙirgo min. Ina ce wa kowa audugar ce ke saki.

Karo na huɗu na zo karɓa, sai ta riƙe bakin rigar da hannu biyu.

"Ke, bar ta haka nan," in ji ta. "Ba rigar ce ke ƙaruwa ba."