Tseren Kaura Zuwa Shinkafi da Ragon Surukina

Motar mahaifinmu ta kusa shekara ashirin a bayan rumbu ba ta motsa ba. 'Yar ƙarama ce ƙirar Japan, irin wadda in masu tumbi biyu suka zauna a gaba sai an yi shawara kafin a sa giya. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ta koma akurki. Kajin gidanmu na Kaura sun ga jikoki da tattaɓa-kunne a kujerar baya, har akwai wani jan zakara da ya ɗauka shi ne direba.

Ni kuwa ban taɓa yi mata kallon akurki ba. Sitiyarinta na naɗe da jar fata da Baba ya sa baduku ya ɗinka, kuma wuri biyu fatar ta yi baƙi ta yi santsi, daidai inda yake riƙewa. In na leƙa ta tagar da babu gilashi, wuraren nan biyu nake fara kallo.

Mutum biyu ne suka sa mata ido. Na farko yayanmu, wanda ke son wurin don ya kafa turken shanun noma. Na biyu taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani. Yana da mota irinta sak, yana haya da ita tsakanin Kaura da Shinkafi, lokacin hanya na da lafiya. Duk zuwan da zai yi gidanmu sai ya zagaya bayan rumbu ya shafa gilashin gaba, ya leƙa akwatin giya, kamar mahauci na taya sa.

"Bawana," in ji shi, "wagga ai gawa ta. Ku ba ni in cire abin da ka da amfani, sauran a kai ma 'yan gwangwan."

Wannan magana ce ta sa na ɗauko bakanike, wani tsohon abokina da ke gyara a bakin tasha. Da ya ɗaga bonet sai ya yi salati ya sake rufewa, ya ce in ba shi ruwa ya sha tukuna. Ɓeraye sun cinye wayoyi kaf. Zanzaro ya yi gini a cikin kafireta, ba ɗaki ɗaya ba, unguwa guda. Lagireto kuwa in ka zuba masa ruwa ta sama, kafin ka ajiye buta ya riga ka isa ƙasa.

Damina guda muka yi a kanta. Ƙofar direba ta ruɓe, sai da na je har Zurmi wurin wani mutum da ke ajiye harawar awaki a cikin gawar irinta. Kafin ya yarda in cire ƙofar sai da ya ba ni tarihin motar tun daga ranar da ta sauka daga jirgin ruwa, ina tsugune a rana ina cewa "ikon Allah". Ƙofar koriya ce. Bonet ɗin da muka samo ja ne. Jikin motar kuwa fari ne, ko in ce ya taɓa zama fari. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi ya sa maƙwabta suka fito da bokitai, wata tsohuwa har ta fara kwashe kayan ɗakinta. Amma ta tashi. Na riƙe sitiyarin nan a inda Baba ke riƙewa, na ji injin na rawa a tafin hannuna, na ce wa bakanike hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma Allah ya yi ni da baki. A majalisar ƙofar gida, gaban Yaya da taubashina, na ce motar nan in na taka ta ko iska sai ta nemi in rage mata hanya. Na ce ta taubashina kusa da ita jaka ce mai ciki.

"To mu gwada," in ji taubashina. "Ran kasuwa, daga tasha zuwa bakin kasuwar Shinkahi. In ka riga ni, ban ƙara ko kallonta. In na riga ka, in zo da sifana in kwance taku."

Yaya, wanda ya gaji da mu duka, ya ce, "Na ji, kuma ni as shaida. Ta riga, ta zauna. Ba ta riga ba, shi kwance abinai, in samu wurin shanuna."

Na amsa kafin hankalina ya iso wurin.

Bakanike ya ce babban abokin gabar gudu shi ne nauyi. Muka cire kujerar baya, muka cire safayar taya, muka ɓanɓare shimfiɗar ƙasa, muka yanke rabin salansa don injin ya sha iska. Bayan motar ya zama fili fetal, ƙarfe tsirara. Ƙararta kuwa, in na tayar da ita a Kaura, na tabbata mutumin nan na Zurmi yana jin ƙofarsa na wucewa. Har ni kaina na rage tuwon dare kwana uku.

Ranar kasuwa da hantsi muka jera a bakin tasha. Yaya ya riga ya yi gaba a wata mota don ya jira mu can. Taubashina na zaune yana tauna goro, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Da ina da wayo da murmushin nan ya ishe ni gargaɗi.

Aka ce mu tafi, na taka. Jama'a, motar Baba ta yi gudu! Kaka ce, dammunan gero jingine a bakin gonaki, ina wuce su kamar ana fizge su baya. Na duba madubi, taubashina ya koma kamar ƙuda, can kuma babu shi. Na fara shirya maganganun da zan gaya masa, har na zaɓi waɗanda zan ajiye sai gaban gwaggo.

Na kusa mararrabar Badarawa sai na hango mutum a bakin hanya. Farar riga, malafa, sanda. Gefensa buhu, hannunsa igiya, ƙarshen igiyar wani rago mai kama da ɗan maraƙi. Tun kafin in ga fuskar na gane tsayuwar. Surukina ne, mahaifin maiɗakina.

Na yi tunanin in kau da kai in ce ban gani ba. To da wace mota? Mai launi uku, mai ƙarar da ke tada matattu? Duk ƙasar nan babu wanda bai san tawa ba ce. Kuma mutumin da ya ba ka 'yarsa, wanda ko sunansa ba ka iya faɗa, ba a wuce shi a hanya da ƙura. Ko a ƙafa kake sai ka tuɓe takalmi, balle ga shi ya ɗaga sanda. Na taka birki, zuciyata na kuka.

Na fito, na tuɓe takalmi, na tsuguna a kan tsakuwa.

"Baba, an kwan lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Yaya ɗiyan? Yaya uwassu? Yaya yayanka? Ƙahwar nan tashi ta yi sauƙi?"

Ya tambayi gero, ya tambayi dawa, ya tambayi wata akuya da muka yanka tun bara. Ina amsawa, kunnena na kan hanya. Can na ji motar taubashina tafe. Taubashina ya rage gudu, ya leƙo ta taga, ya ɗaga hannu.

"Baba, barka da hantsi! Ga direban naka ya iso ko?"

"Ya iso, ɗan albarka!"

Ya danna ham sau biyu ya wuce. Tsoho ya bi shi da kallo yana gyaɗa kai.

"Yaron kirki. Jiya yaz zo har gida yac ce in hito da wuri in jira ka, za ka wuce da mota ba kowa ciki."

Na ɗaga buhu na sa, na rungumi rago na tura shi inda kujera take a da. Tsoho ya leƙa ya ga filin, ya ce, "Kai! Wagga mota don bisashe anka yi ta." Ya zauna gaba ya ɗora sanda a cinya.

Na sa giya ta biyu, ya ce, "Sannu-sannu dai. Gudu na zubar ma rago da nama kahin a kai kasuwa." Na koma ta ɗaya. Mai keke ya wuce mu. Wata mata da ƙwaryar nono a ka ta yi tafiya kusa da mu har suka gama gaisawa da shi ta taga. Ragon kuwa ya yi fitsari a kan ƙarfen, ya gangaro har ƙarƙashin ƙafata, sannan ya miƙo wuya ya kama hulata ya fara ci. Ban iya ko tsawata masa ba, ragon suruki ne.

Da muka isa bakin kasuwa, taubashina ya sha fura ya wanke baki, yana zaune a kan bonet ɗinsa yana kaɗa sifana. Yaya na tsaye gefe yana kallon ƙasa.

"Bawana, sannu da zuwa! Mun zaci sai kasuwa ta gaba. Sauko, da gilashi zan hwara."

Na fito ba hula. Na dubi sitiyarin nan, na ji duk wasan ya fita daga bakina. Na riga na yi alkawari gaban shaida.

Sai tsoho ya sauko, ya ce, "Mi za a yi ma gilashi?"

Yaya ya tuɓe takalmi ya tsuguna shi ma, ya yi bayani a hankali cewa an yi magana za a kwance motar.

"Wagga? A'a." Ya buga sanda a ƙasa. "Shekara nawa ina hwama da direbobi, su ɗaure mini rago a but kamar kayan wanki? Yau na samu wadda dabba ka tsayawa da ƙahwahunta. Kowace kasuwa ita za ta ɗauke ni."

Yaya ya ce, "To, Baba." Abin da ake cewa ke nan, babu wani. Taubashina ya dubi sifanar hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ita ba. Shi ya kawo tsohon nan bakin hanya, da ƙafarsa.

Haka motar mahaifinmu ta tsira. Amma kada wani ya taya ni murna. Tun ranar ban ƙara sa mata giya ta uku a hanyar nan ba. Na ɗauki raguna, na ɗauki tumaki, na ɗauki wata akuya da ta haihu a daidai bayan kujerata. Warin ya kama jikin motar har in na je ɗaurin aure mutane na matsawa. Taubashina har gobe cewa yake shi ya ci tsere, kuma abin haushin gaskiya ya faɗa. Da na ce zan mayar da kujerar baya, maiɗakina ta ce babanta ya aiko kada a taɓa.

Kujerar na nan bayan rumbu, kusa da shanun Yaya. Kaji sun koma kanta.