Hayaƙin Barkonon Rifkatu

Rifkatu ta zo Kano daga Zonkwa a shekarar 1976, ta biyo mijinta Dauda da ya sami aiki a wata masaƙa a Bompai. Ɗaki ɗaya suka kama a wani gidan haya a Hotoro. Dauda mai fara'a ne a waje, a gida kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya taɓa zubar mata da haƙora biyu don miya ta huce. Cikinta na fari, da ƙafa ya ɓarar da shi, washegari ya tafi aiki yana fito. Ba ta sake samun wani ba.

Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Sai ta fara dafa shinkafa da wake tana kaiwa ƙofar masaƙar, kuma man yajinta ne ya yi mata suna. Takan daka busasshen barkono da citta da tafarnuwa da ɗan daddawa, ta ɗora man gyaɗa a kasko, ta soya albasa har ta yi ja, sannan ta juye yajin tana juyawa a hankali. Idan ya haɗu, ma'aikata har rige-rige suke yi, suna ci suna share hawaye. Suyar a tsakar gida take yi, domin hayaƙin ko ƙato ya shaƙa sai ya durƙusa.

A 1983 ƙurar auduga ta gama cin ƙirjin Dauda. Masaƙa ta sallame shi. Ya dawo ya kwanta, ko bakin ƙofa ba ya iya kaiwa sai ya huta sau biyu.

A makon nan Rifkatu ta shigar da risho cikin ɗaki.

Da safe ta ɗora kasko kusa da gadonsa, ta ja ƙofa, ta ɗaure hancinta da jiƙaƙƙen ɗankwali. Da yajin ya faɗa cikin mai, Dauda ya turnuƙe da tari har idanunsa suka firfito.

"Rifkatu, don Allah buɗe taga."

"Iska za ta kashe mini wuta, maigida," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Haka aka yi ta yi kullum. Ba ta taɓa zaginsa ba. Tana yi masa wanka, tana dama masa kunu, tana wanke tsumman da yake tofa jini. Hajjo, matar mai gidan hayar, ta gaji da jin tarin, ta tare ta a bakin famfo.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Mutumin nan kashe shi za ki yi."

"Hajiya, shekara bakwai kina jin ihuna ta bangon nan. Kin taɓa fitowa?"

Hajjo ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Wata huɗu Dauda ya yi. Ya cika wata ranar Alhamis da hantsi, Rifkatu tana ƙofar masaƙa tana zuba wa abokan aikinsa abinci. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da gawar gida, suna yi mata godiya bisa jinyar da ta yi. A coci ma an yabe ta.

Ta ci gaba da sana'arta har 1989, lokacin da aka rage ma'aikata ciniki ya mutu. Ta sayar da tukwanenta ta koma Zonkwa wajen ƙanwarta. Hajjo kaɗai ce a gidan ba ta fito sallama ba.