Hannuna a Kan Jikar Dattijon Fiji

Har gobe ina riƙe da maigidana Malam a kan abu guda: ya kai ni cikin mutane bai faɗa min al'adarsu ba. Duk tarin karatunsa wannan bai iya ba. Ranar nan kuwa ko na tsufa na rikice ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin yana karatu a Bukit Jalil, can ƙasar Malesiya, muna zaune a unguwar Sri Petaling. Maƙwabciyarmu 'yar ƙasar Fiji ce, doguwa, mai dariya kamar za ta tsaga bango. Ni sai da na yaye ɗana na huɗu na fara riƙe alƙalami, Turancina bai taka kara ya karya ba, amma da hannu da ido muke fahimtar juna. Ita ta gayyace mu taron da mutanensu ke shirya wa baƙi, ta gabatar da mu ga dattijonsu a matsayin nata.

Rami suka haƙa, suka gasa duwatsu har suka yi ja, suka jera kaji da kifi da rogo naɗe cikin ganyen ayaba, suka binne. Na ce wa Malam, "Yau ga masu yi wa abinci jana'iza." Namu ramin daban aka yi, don kada ya haɗu da naman alade. Da aka tone, ƙamshin da ya tashi ya rufe min baki, ni da ba a rufe min baki.

Sai jikar dattijon ta kawo min ruwan wanke hannu. Yarinya mai ladabi. Na dafa kanta, na shafa gashin, na ce, "Allah ya raya ki."

Wuri ya yi tsit.

Malam ya raɗa min, "Hajiya, kai abu ne mai alfarma a wurinsu, ba a taɓawa."

"Sai yanzu kake faɗa min?"

Kunyar kuma ba a kaina ta sauka ba, a kan wadda ta kawo ni ta sauka. Ina kallo ta ɗauko damin busasshiyar saiwa, irin wadda suke dakawa su sha a taro, da ita suke neman gafara. Ta rarrafa gaban dattijon, ta tafa hannu, ta sunkuyar da kai. Wallahi ba zan zauna mace ta durƙusa saboda hannuna ba. Na je na durƙusa kusa da ita, na ce wa Malam, "Fassara, kada ka rage min ko ɗaya. A garinmu ba ma dafa kan yaro sai muna sonsa. Addu'a nake mata."

Dattijon ya saurari fassarar har ƙarshe. Sannan ya karɓi saiwar, ya tafa, ya kira yarinyar ya zaunar da ita gabana.

Malam ya ce, "Wai ki ƙarasa addu'ar. Amma hannu a kafaɗa."

Na dafa kafaɗarta na ƙarasa addu'ar. Ina shafawa suka ɗauki waƙa, maza da mata, babu ganga babu komai, murya kan murya, har tsigar jikina ta tashi. Maƙwabciyata na kuka tana dariya.

A nan na gane ko alheri za ka yi a gidan wani, tambayi ƙofar da ake shigar da shi. Washegari na toya waina, na buga mata ƙofa, na ce, "Zauna ki lissafa min duk abin da ba a yi a garinku. Na daina jiran Malam."