Lambar Da Na Rubuta A Buhun Siminti

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi 'yata ta fari, wadda nake kira Uwata, bayan jinyar kwana huɗu. NaSa ne mu duka, kuma can muka nufa.

Uwata, ni magini ne, a aji huɗu muka raba gari da boko. Ke kuwa aikinki auna ƙarfin sabis: ki zaga unguwanni da na'ura a cinya, inda kira ke yankewa ki sa a gyara. Har yau ban gane aikin ba, amma a wurin gini cewa nake ni na koya miki.

Da kika sayo mini wayar da ake buɗewa da yatsa, sau goma na dangwala, ta ƙi. Kika duba hannuna kika ce, "Baba, ai siminti ya cinye zanen yatsunka." Na ce, "To, har waya ta gane ban iya sa hannu ba." Sai kika sa naki yatsan, ni kuma kika ba ni lambar sirri mai lambobi shida ta buɗe ta. Na rubuta ta a jikin buhun siminti, inda nake rubuta awon ɗaki. Washegari muka farke buhun muka kwaɓa.

Kunya ta hana ni faɗa. Kin gane, ba ki tona ni ba. Kira dai ina iya ɗauka. Sauran kuwa, kullum kin taso aiki sai kin biyo ta gida kin buɗe mini, mu zauna mu saurari saƙon muryar da ke da kanki kika turo da rana.

Daga gadon asibiti kin turo na ƙarshe. Ina ganin alamarsa, ban ji shi ba.

Kafin a yi miki wanka, kawunki ya raɗa mini, "Yaya, kawo wayar a gwada yatsanta." Na shiga da ita a aljihu, na tsaya a kanki, na fito ban ciro ta ba. Mai gyaran waya ya ce zai iya buɗewa, amma komai zai goge. Na ce a bar ta. Kullum ina sa mata caji.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa jinyarki ta zama kaffara. Ina yi wa mahaifiyarki ta'aziyya, da mijinki, da abokan aikinki da suka cika mana ƙofar gida. Allah Ya ba su haƙuri. Ni ma, in da saura, Ya sam mini.