Ranar da aka sare dogonyaron Inna

Shekara goma sha huɗu yayana ya yi yana sayar da albasa a wani ƙaramin gari na kudu. Da ya dawo Sakkwato ba shi da hira sai ta garin. Mun haddace tarihinsa kamar a can aka yanke mana cibiya: da kasuwar manja ce a bakin kogi, aka kawo layin dogo, jirgin ruwa ya daina zuwa, gari ya tsaya cak. Ruwan sama wata takwas. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana buga ƙararrawa, kowa ya fito da adda a sare duk reshen da ya kusanci rufi, saboda danshi da macizai. Wannan ya fi burge shi. Mutane ne masu tsari, in ji shi.

Sai ya kwaso tsarin nan ya kawo gidanmu na Gawon Nama.

Ran nan na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Dundaye, na tarar da tsakar gida fayau. Dogonyaron da marigayi babanmu ya dasa yana kwance gunduwa-gunduwa. A gindinsa Inna take wuni, don ciwon gwiwa ya hana ta fita. Unguwa ce take zuwa wurinta. Nan mata suke surfe, nan ake kitso, nan ake sasanta waɗanda suka yi faɗa a bakin famfo.

Na tambayi yayana dalili, ya ce ganye yana ruɓar da kwano. Wane kwano? Ashe har ya sayo, zai ɗaye rufin ƙasa na ɗakin Inna ya ɗora mata irin na can, mai tsini, wanda ruwa ba ya kwana a kai. Ruɓewa a Sakkwato, inda kafin ka gama shanya riga ta biyu ta farko ta bushe. Na faɗa masa maganganun da har yau ban janye ba. Ya ce matsalata ban ga duniya ba.

Bazara ta shigo. Daga hantsi ɗakin ya zama tanda, tsakar gida kuma ba a iya taka ta ba takalmi. Matan sun yi kara, sun zo sau biyu ko uku suna fifita da mayafi, daga baya suka kwashe turamensu zuwa gidan maƙwabta. Ban ga laifinsu ba. Shi kuwa ya kawo fanka, a unguwar da wuta ke zuwa in ta ga dama.

Wata la'asar na samu Inna ta ja tabarma jikin katangar maƙwabta, ta rakuɓe a 'yar inuwar da ba ta rufe ƙafafunta ba. Na juya zan nemo yayana. Ta riƙe bakin rigata.

"Kak ka yi mai hwaɗa, ɗan'uwanka na," ta ce. "Kai dai leƙa ka ce ma matan ga su ɗan ɗaga murya. Ban jin abin da suka hwaɗi."